Hirar da Ba Ta da Ƙurunƙus

A watan Satumba na 1971, masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya suka hallara a wani otal a birnin Boston na Amurka don taronsu na shekara-shekara. A taron ne aka ba Larry Niven kyautar Hugo, wadda ita ce babbar kyauta a wannan fage, saboda littafinsa Ringworld da ya fito a 1970. Ana cikin taya shi murna sai ga wasu ɗaliban jami'ar MIT suna zagaya otal ɗin, suna ɗaga murya cewa duniyar da ya gina a littafin ba za ta tsayu ba.

Abin da Niven ya ƙaga shi ne wata duniya mai siffar awarwaro wadda ta kewaye rana, tazararta da ranar kusan daidai da tazarar duniyarmu da tamu ranar, wajen kilomita miliyan 150, mutane kuma suna zaune a fuskarta ta ciki. Ɗaliban suka zauna da takarda da alƙalami. Duniya irin tamu shawagi take yi, in wani abu ya ɗan ture ta sai ta ɗan sauya hanya ta ci gaba da zagayenta. Awarwaro ƙaƙƙarfa guda ɗaya kuwa, in ya ɗan goce daga tsakiya, gefen da ya matso kusa da rana shi zai fi jin janta, sai ya ƙara matsowa, a kwana a tashi ya je ya goge ta. Lissafinsu daidai ne. Niven ya karɓi gyaran, ya dawo da littafi na biyu a 1980, ya jera wa awarwaron injuna a bakinsa masu mayar da shi tsakiya duk lokacin da ya karkata.

Na fara da wannan ne saboda ya nuna irin hirar da mutanen nan suke yi in sun haɗu. Ba sa daɗewa a kan littafi. Wani zai ce ya karanta labarin tafiya duniyar Mars, kafin ya rufe baki wani ya ce iskar can ba ta kai ta kayar da jirgi ba, na uku ya kawo labarin rokar da aka harba jiya, daga nan a faɗa batun kuɗin da gwamnati ke kashewa, a gangara siyasa, wani lokaci a tashi baram-baram. Kusan shekara ɗari ke nan ana wannan majalisa, a shafin wasiƙu na mujallu, a ƙananan jaridun da masu karatu ke bugawa da kuɗin aljihunsu, a zaurukan otal, yanzu kuma a intanet. Tun farkonta ake gardama a kanta. Wasu sun ce makaranta ce wadda ba ta karɓar kuɗin makaranta, tana wasa ƙwaƙwalwa, tana shirya mutum ya fahimci labarin gobe tun yau. Wasu sun ce kasuwar ruɗu ce, inda ake cakuɗa tatsuniya da kimiyya da labaran duniya a tukunya ɗaya har mai ci ya kasa bambancewa. Ni mai son wannan hira ne, ba zan ɓoye ba, amma hujjar masu sukarta ta sha hana ni barci.

Asalin abin ɗan ƙaramin shawara ne na wani edita. Hugo Gernsback, haifaffen Luksambag da ya koma Amurka, shi ya fara buga mujallar Amazing Stories a watan Afrilu na 1926, kuma sunansa aka sa wa kyautar da Niven ya ci. Ba a daɗe ba ya buɗe shafin wasiƙun masu karatu, ya riƙa buga kowace wasiƙa da cikakken adireshin mai ita. Yaron da ke zaune a wani ƙauye, wanda duk garin babu mai sauraron zancensa na taurari, sai ya wayi gari ya ga ashe yana da 'yan'uwa a wasu jihohi. Suka fara rubuta wa juna kai tsaye. A 1930 wata ƙungiyarsu a Chicago ta fitar da 'yar jarida mai suna The Comet, wadda ake ƙirgawa a matsayin ta farko a irinta. Abin lura, ƙungiyar musayar wasiƙu kan kimiyya ce, kuma kimiyyar ta fi labaran yawa a shafukanta. Ɗaya daga cikin editocinta wani saurayi ne mai suna Raymond Palmer. A riƙe sunan nan, zai dawo.

Masu yabon hirar sukan fara da abin da ya faru a Boston, su ce a ina kuma aka taɓa ganin haka? Mu da muka tashi da karin maganar cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ya kamata mu tsaya mu dubi majalisar da ɗalibi zai ce wa marubucin da ake karramawa ya yi kuskure, marubucin kuma ya koma ya gyara. Abin bai tsaya a 1971 ba. Andy Weir, mai rubuta manhajar kwamfuta, ya riƙa sakin labarinsa The Martian babi-babi kyauta, masu karatu da suka san ilimin sinadarai da lantarki suna aiko masa da gyara yana shigarwa, kafin littafin ya fito daga kamfanin ɗab'i a 2014, a yi fim ɗinsa a 2015. Guguwar da ta buɗe labarin ma ba su ƙyale ta ba. Kaurin iskar Mars bai kai kashi biyu cikin ɗari na tamu ba, don haka ko ta yi gudun kilomita ɗari da hamsin a awa, bugunta ba zai wuce na iska mai sauƙi ba. Weir da kansa ya amsa cewa ya san haka, ya bar ta ne don labarin ya samu mafari. Wanda ya bi wannan gardama ya koyi abin da ake nufi da kaurin iska fiye da yadda zai koya a aji, domin ya koye shi ne yana neman ya kayar da abokinsa a musu.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. A 1914 H. G. Wells ya fitar da littafi mai suna The World Set Free, inda ya ƙaga bom da ke samun ƙarfinsa daga ƙwayar zarra, a lokacin da manyan masana ke ganin wannan ƙarfi ba zai taɓa fitowa ya yi aiki ba. Leo Szilard, masanin kimiyya ɗan ƙasar Hungari, ya karanta littafin a 1932. A watan Satumba na 1933, yana gudun hijira a Landan, tunani ya zo masa cewa in ƙwayar zarra ɗaya ta fashe ta saki 'ya'yan da za su fasa wasu biyu, biyun su fasa huɗu, to wutar za ta ci kanta da kanta. Ya faɗa daga baya cewa littafin Wells ne ya sa nan take ya gane abin da wannan ke nufi ga yaƙi. Shi ne ya shirya wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu zuwa ga Shugaba Roosevelt a watan Agusta na 1939, kuma shi ne a watan Yuli na 1945 ya zagaya da takardar koke yana neman abokan aikinsa su sa hannu kada a jefa bom ɗin kan Japan ba tare da an ba ta damar miƙa wuya ba. Labarin da ya karanta ya nuna masa makamin, ya kuma nuna masa gawawwakin.

Tsakanin waɗannan shekaru akwai abin da masu karatun nan ba sa gajiya da ba da labarinsa. A watan Maris na 1944 mujallar Astounding ta buga wani gajeren labari na Cleve Cartmill wanda ya bayyana bom ɗin yuraniyam 235, alhali aikin haɗa shi na gudana a asirce a Los Alamos. Jami'an leƙen asiri na soja suka je wajen editan, John W. Campbell, suna neman wanda ya fasa ƙwai. Babu wanda ya fasa. Duk abin da ke cikin labarin an tsinto shi ne daga mujallun kimiyya da kowa ke iya saye tun bayan gano fashewar ƙwayar yuraniyam a ƙarshen 1938. Ranar 6 ga Agusta 1945 da labarin Hiroshima ya fito, yawancin mutanen duniya ba su taɓa jin irin wannan makami ba, amma masu karanta waɗannan mujallu sun yi shekaru suna musu a kansa.

Ana ƙarawa da Robert Goddard, wanda ya karanta labarin Wells na mamayar mutanen Mars yana ɗan shekara goma sha shida, ya zo ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa a 1926, da Arthur C. Clarke, wanda ya rubuta a 1945 cewa tauraron ɗan'adam da aka ajiye a tsayin kusan kilomita 36,000 zai riƙa zagaye daidai da juyawar duniya, ya zama kamar a tsaye yake. Duk faifan dish da ke kan rufin gidajenmu yana kallon wuri ɗaya a sama ne saboda wannan.

Masu suka ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa ya fi kama ni in na tuna yadda ake tatsuniya a gidajenmu. Tatsuniya tana da ƙofar shiga tana da ƙofar fita. Mai yin ta kan sanar cewa ga ta nan, in ta ƙare a ce ƙurunƙus, a ɗora ƙaryar a kan Gizo, kowa ya je ya kwanta ya san kura ba ta magana. Ƙagaggen labarin kimiyya yana da bango na gaba da na baya, shi ma ya sanar da kansa. Hirar da ake yi a kansa ce ba ta da ƙurunƙus. Ana fita daga littafi a shiga labarin rediyo da murya ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, babu inda aka ce daga nan ƙage ya ƙare. Kuma labarin kimiyya, ba kamar na Gizo ba, yana sanye da rigar gaskiya, da lambobi da sunayen sinadarai.

Ga inda Raymond Palmer ya dawo. Ya zama editan Amazing Stories a 1938. Wani mai walda a masana'anta, Richard Shaver, wanda ke jin muryoyi suna masa magana, ya aiko masa da rubutu cewa akwai wasu miyagun halittu a kogunan ƙarƙashin ƙasa da ke amfani da tsofaffin injuna suna haddasa haɗurra da hauka a doron ƙasa. Palmer ya gyara rubutun ya buga a watan Maris na 1945, ya kuma nuna wa masu karatu cewa tushensa gaskiya ne. Ciniki ya tashi. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga mutanen da ke cewa su ma suna jin muryoyin. Shafin wasiƙun nan da Gernsback ya buɗe don a yi musu kan taurari ya koma wurin da marasa lafiya ke tabbatar wa juna ciwonsu. A 1948 Palmer ya shiga kafa mujallar Fate, wadda fitowarta ta farko ta ɗauko batun faya-fayan da aka ce ana gani suna shawagi a sama. Babban kaso na jita-jitar baƙi daga sama da ke yawo har yau ta nan ya biyo.

In aka ce Palmer ɗan kasuwa ne, to Campbell fa? Shi ne editan da ya fi kowa nacewa kan a yi kimiyya daidai, shi ya reni Isaac Asimov da Robert Heinlein, shi ya tsaya gaban jami'an soja a 1944. Shi ɗin dai ne a watan Mayu na 1950 ya buga maƙalar L. Ron Hubbard kan wata hanyar warkar da tunani mai suna Dianetics, ya gabatar da ita a matsayin sabuwar kimiyya, abin da daga baya ya rikiɗe ya zama addinin Scientology. Bayan shekara goma ya koma tallata wani inji da aka ce zai iya tura kansa gaba ba tare da ya tura komai baya ba, abin da ya saɓa wa dokar Newton ta uku da ake koya wa 'yan sakandare. Masu suka na cewa wannan ba tsautsayi ba ne. Mutumin da ya saba ganin an yi wa mai sabon tunani dariya a babi na farko, a babi na ƙarshe kuma ya zama shi ne mai gaskiya, zai fara ɗaukar dariyar masana a matsayin shaidar gaskiya.

Suna kuma tuhumar majalisar da rashin adalci wajen ƙirga. Mai duba in ya faɗi abu ɗari, ɗaya ya faru, ɗayan nan za a riƙa yawo da shi. Ana tuna bom ɗin Wells da tauraron Clarke, an manta da garuruwan da aka ce za a gina a wata kafin shekarar 2000, da dazuzzukan da aka cika duniyar Zahra da su, wadda aka zo aka gano zafinta ya haura digiri 450. Wannan batu gaskiya ne, ban ga yadda za a kauce masa ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na 'Oumuamua. Ranar 19 ga Oktoba 2017 wata na'urar hangen nesa a Hawai ta hango wani abu da gudunsa da hanyarsa suka nuna daga wajen iyalin ranarmu ya zo, karo na farko da aka tabbatar da irin haka. Nan da nan masu karatu suka tuna littafin Clarke na 1973, Rendezvous with Rama, inda wani baƙon abu ya shigo, aka je aka tarar jirgi ne. Da aka lura abin yana ɗan ƙara gudu fiye da yadda jan rana kaɗai zai bayar, Avi Loeb na jami'ar Harvard ya ce mai yiwuwa ƙerarre ne, har ya rubuta littafi a kai a 2021. Yawancin masana taurari ba su bi shi ba, sun fi karkata ga cewa wata iska ce ke fita daga jikinsa tana tura shi, kamar yadda ake gani a taurari masu wutsiya. Amma zancen jirgin baƙi ya riga ya zagaye duniya, bayanin iskar kuwa bai bi shi ko rabin hanya ba. Da baƙo na uku irinsa, 3I/ATLAS, ya bayyana a watan Yuli na 2025, duk da an ga hazon da ke kewaye da shi irin na tauraruwa mai wutsiya, zancen ya sake tashi. Labarin da ke kan mutum shi yake riga shi isa wurin da abu ya faru.

Masu yabo suna da amsa, kuma amsar ce ta sa ban sauya sheƙa ba. Suka ce a duba wanda ya yaƙi labaran Shaver. Masu karatun ne da kansu, a ƙananan jaridunsu da tarukansu, suka yi ta caccakar Palmer har kamfanin ya rage buga abin. Asimov, ɗan gidan Campbell, bai karɓi Dianetics ba. Kan 'Oumuamua kuma, tunanin cewa zai iya zama jirgi ya sa a watan Disamba na 2017 aka juya babbar na'urar sauraro ta Green Bank wajensa, aka yi sa'o'i ana kasa kunne, ba a ji komai ba, aka fito aka faɗa. A ganina wannan shi ne amfanin ƙage in ya shiga hannun masu gaskiya: ya kawo tambaya, a je a gwada, a karɓi sakamako ko da bai yi daɗi ba. Cutar da maganinta a majalisa ɗaya suke zaune. Abin da na lura da shi shi ne, duk lokacin da abin ya lalace, akwai mutum ɗaya da ya riƙe bakin majalisar, shi ke zaɓen wasiƙar da za a buga, kuma yana samun kuɗi ko girma in aka yarda da shi. Ɗaliban Boston ba su da abin sayarwa.

Sai batun siyasa, wanda ya fi raba zumunci. Akwai masu cewa a bar labaran duniya a bakin ƙofa, a shigo da littafi kawai. Wannan kira ya tsufa. A babban taronsu na farko a New York a 1939, wanda bai fi mutum ɗari biyu ba, masu shirya taron sun hana mutum shida shiga, cikinsu har da Donald Wollheim da Frederik Pohl, bayan doguwar rigima da ta haɗa da ra'ayinsu na gurguzu. A 1968 mujallar Galaxy ta buga shafuka biyu suna fuskantar juna, ɗaya da sunayen marubuta 72 masu goyon bayan Amurka ta ci gaba da yaƙin Biyetnam, ɗaya da sunaye 82 masu adawa. A farkon shekarun 1980 wasu marubuta, ciki har da Jerry Pournelle da Heinlein, sun riƙa zama da injiniyoyi da tsofaffin hafsoshi a gidan Niven a Kalifoniya suna rubuta wa gwamnatin Reagan shawarwari, kuma suna cikin masu goyon bayan shirin kakkaɓo makamai masu linzami daga sararin samaniya da Reagan ya sanar a watan Maris na 1983. Clarke ya soki shirin. Da ya zo gidan a 1984, Heinlein ya yi masa kaca-kaca a gaban jama'a cewa baƙo ba shi da bakin magana kan tsaron Amurka. Abota ta shekaru da yawa ta yi rauni a ranar.

Na fahimci mai cewa da an tsaya kan littafi da ba a kai nan ba. Amma ban ga yadda za a yi ba. Labarin da ke tambayar wa zai mallaki wata, wa zai riƙe maɓallin bom, wa injin zai kora daga aiki, siyasa ce tun daga shafin farko. Abin da ya dame ni a zaman gidan Niven shi ne hirar ta tashi daga inda kowa zai iya cewa ka yi kuskure, ta shiga ɗakin da ake rubuta wa shugaban ƙasa takarda. Haka nake ji in na ga attajiran fasaha na yau suna ɗebo sunaye da buri daga littattafan ƙuruciyarsu. Neal Stephenson ya ƙaga kalmar da Facebook ya yanko sabon sunansa Meta daga cikinta a 2021, kuma a littafinsa na 1992 kalmar sunan wata duniyar kwamfuta ce, mafaka ga mutanen da duniyar gaske ta lalace musu. An ɗauki kayan aikin an bar gargaɗin. A nan masu suka sun ci ni, domin mai biliyoyin dala ba ya jiran ɗalibai su gama lissafi.

Akwai wani ƙorafi da ya fito daga masu son adabi, wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa. Sun ce majalisar da ta ƙware wajen auna iskar Mars takan makance ga abin da littafi ke faɗa game da mutum. Octavia Butler, baƙar fata 'yar Kalifoniya, ta fitar da Parable of the Sower a 1993, labarin ya fara a 2024, cikin fari da gobara da tsadar ruwa da unguwanni masu katanga. A watan Janairu na 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na garin Altadena, inda kabarinta yake, sai aka yi ta cewa ta hango gaibu. Gaibu sai Allah. Ita da kanta ta bayyana tun tana raye cewa matsalolin da ke gabanta ta duba, ta tambayi inda za su kai in aka yi sakaci da su. Wanda ya mayar da ita mai duba ya huta da tambayar da ta yi masa, wato me ya sa aka gani aka ƙyale, kuma wa ake bari a wajen katanga. Irin wannan karatu ba ya buƙatar alƙalamin lissafi, yana buƙatar a samu wanda ya taɓa zama a wajen katangar a cikin majalisar. Shekaru da yawa babu su sosai. Yanzu ana samu. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci kyautukan Hugo da Nebula a 2016 da Binti, tana kuma da littafin da ta kafa a Nijar ta shekarar 2070. Tade Thompson ya ci kyautar Clarke a 2019 da Rosewater, inda baƙin sama suka yi zamansu a Nijeriya. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci Nebula a 2022 da labarin da iskar shaƙa ta zama abin saye. Mai karatun da ya taɓa neman tukunyar iskar oksijin a asibiti da tsakar dare ba zai tsaya gardamar ko hakan zai yiwu ba.

Da na auna duka, ina tare da masu barin hirar ta yi yawonta daga littafi zuwa kimiyya zuwa labaran duniya, saboda ban san wani wuri da talaka mai son sani ke samun damar yin musu kan ƙwayar zarra da taurari da makomar jikokinsa ba tare da an tambaye shi takardar shaida ba. Sharaɗina shi ne a samu mai cewa ƙurunƙus a tsakiyar zance, wanda zai dakatar da mai magana ya ce, malam, wannan da ka faɗa yanzu a littafi ka karanta ko an auna? Kuma in ya tambaya kada a kore shi, ko da mai maganar shi ne Campbell na wurin.

Mu ma muna da abin da za mu zauna a kansa. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. An fi karanta shi a ajin Hausa, a fitar da jigo da salo da zubi, a rufe. Ina so in ga ranar da malamin kimiyya zai leƙo wannan aji ya zauna a benci na baya, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambayi irin gudun da jirgi ke buƙata kafin ya kuɓuce wa jan duniya, ya ce mata kimanin kilomita goma sha ɗaya a daƙiƙa guda, wani ya ce to me wutsiyar tauraruwar ta ƙunsa, a gaya masa ƙura ce da iska da zafin rana ke fitarwa daga ƙanƙara, shi ya sa kullum take juya wa rana baya, wani kuma daga can gefe ya ce ai an ce wata ta shigo daga wajen iyalin rana, shi bai yarda ba jirgi ba ce, a tashi a nemo abin da masu na'ura suka auna.